Mazubin manyan ƙwayoyin harsashin farauta: mai rami 18 ko mai rami 2?

Ɗan Baka: Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san zubin dalma ce, musamman mazauna Amurka inda doka ta yarda mafarauci ya haɗa harsashinsa a gida. Wanda ke son zuba manyan ƙwayoyin bindigar farauta, irin na harbin barewa da aladen daji, wane mazubi ya kamata ya fara saya? Akwai na kamfanin Lee mai rami 18, akwai kuma ƙanana masu rami 2. Kuɗinsu duka bai taka kara ya karya ba, amma ba a son sayen abin da zai ƙare a ƙarƙashin gado.

Shugaban Zaure: Wa alaikumus salam. Kafin a nutsa, a ji wannan. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi ba da izinin hukuma ba, saboda haka wannan hira ta inda doka ta yarda ce. A Amurkar ma akwai iyaka: tun 1991 aka hana harbin agwagwa da sauran tsuntsayen ruwa da dalma a duk ƙasar, jihar Kalifoniya kuwa tun 1 ga Yulin 2019 ta hana kowace irin farauta da ita. Zancen albarushi da awonsa ba a yin sa a nan, wannan sai littattafan kamfanonin da suka auna ƙarfinsa a ɗakin gwaji. Zubi kawai. Bismillah.

Maƙerin Fari: Ɗana, ka fara da ƙarshen tambayar. Yawan rami ba shi ne abin fara dubawa ba, girman ƙwaya ne. Ana kiran girman ƙwaya da lamba: lamba 4 kaurinta inci 0.24, wajen milimita 6.1, nauyinta kamar giram 1.3. Lamba 1 inci 0.30, giram 2.6. Sifiri biyu, wato lamba 00, wadda kowa ya fi sani, inci 0.33, milimita 8.4, giram 3.5. Sifiri uku inci 0.36, giram 4.5. A kilo ɗaya na dalma za ka sami sifiri biyu wajen 285.

To ga inda mutane ke faɗawa rami. Sun ga kwanson kamfani na bindiga mai lamba 12 (lambar faɗin bututunta ce) yana ɗauke da sifiri biyu guda 9, uku-uku hawa uku, sai su ruga su sayi mazubin 0.33. Sun zuba, sun zo jerawa a kofin roba da ke riƙe ƙwayoyi a cikin kwanso, ƙwaya uku sun ƙi zama a hawa ɗaya. Kofin ya kumbura, kwanso ya yi ciki.

Ɗan Baka: Baba, me ya sa na kamfani ya zauna, na gida ya ƙi?

Injiniya: Lissafi ne, bari in shigo wa Baba. In kana son ƙwallo uku masu girma ɗaya su zauna a da'ira, faɗin da'irar sai ya kai kaurin ƙwallo ɗaya sau 2.155. Ɗauki 0.33 ka ninka, ka sami 0.711. Cikin bututun bindiga mai lamba 12 inci 0.729 ne, kenan sun shiga, amma da ƙyar, kuma ba tare da bangon kofi ba. Da zarar ka sa kofin roba mai fukafukai, kaurin robar ya cinye gurbin ta kowane gefe. Shi ya sa da yawa daga masu zubi ke komawa mazubin ƙwallo na 0.311 ko 0.319. Na farko yana buƙatar 0.670, na biyu 0.687. Ka ga akwai sarari.

Shawarata: ka fara sanin kofin da littafinka ya ce a yi aiki da shi, ka auna cikinsa da ma'aunin kauri, daga ƙasa ba daga baki ba, domin yawancinsu suna tsukewa a gindi. Ka raba abin da ka samu da 2.155. Amsar ita ce mafi girman ƙwayar da za ta jeru uku-uku. Sannan ka je sayen mazubi.

Maƙerin Fari: Madalla, Injiniya. Ƙari ɗaya: lambar da aka buga a jikin mazubi ba alkawari ba ce. Dalma tsantsa takan ɗan tsuke in ta huce, mai antimoni, wani sinadari da ke ƙara mata tauri, takan fito da ɗan girma kuma ta fi sauƙin nauyi. Bambancin bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na inci ba, amma in dama a matse ake, shi ne zai hana ka barci.

Mai Sikeli: Ni dai ina bayan mai rami 18, kuma zan faɗi dalili. Na alminiyum ne, ramukan a jere suke uku-uku a tsaye, layi 6. Dalma ta shiga ta sama, ta bi ta wani siririn wuya zuwa rami na biyu, ta sake bi zuwa na uku. In ka buɗe sai su faɗo kamar guntayen carbi. Zubi 2 a minti ƙwaya 36 kenan. Tukunyar lantarki ta Lee mai cin fam 20, wato kilo 9, tana ɗauke da sifiri biyu sama da 2,000 ko an cire abin da ke tafiya a wutsiya, wato rarar dalmar da ake yankewa a bakin mazubi. Mai rami 2 ko ya yi zubi 4 a minti, ƙwaya 8 ya samu. Ina haɗi? A lura dai, mariƙinsa daban ake saya, irin na mazubi mai rami 6.

Injiniya: Malam Mai Sikeli, ka ƙirga zubi, ba ka ƙirga yanka ba. Kowane carbi yana da wuya biyu, layi 6 wuya 12 kenan. Filayar yanka waya mai baki a shafe gefe ɗaya kawai take yankewa daidai, ɗaya gefen ta bar ƙaho, sai ka sake komawa. Yanka 24 a kowane zubi. Awa ɗaya a gaban tukunya, awa uku a zaune da filaya har babban yatsa ya yi kanta. Kuma ƙwayar tsakiya cibiya biyu gare ta, ta sama tana da tabon farantin yanka da cibiya ɗaya, ta ƙasa cibiya ɗaya. Iri uku daga mazubi ɗaya. Mai rami 2 kuwa farantinsa yana yanke wutsiya daf da jikin ƙwallon, ya faɗo a gama.

Mai Sikeli: Na yarda da yankan, ban yarda cibiyar tana da wani tasiri ba. A zuba su a gangar goge duwatsu mai juyawa, kilo 1 zuwa 2, da ɗan garin girafait kamar kan cokalin shayi, a bar su awa biyu ko uku. Suna dukan juna, cibiyar ta kwanta, layin haɗi ya ɓace, su fito baƙi sul suna sheƙi. A yadi 25 ko 30 da ake harbin wannan ƙwaya, takarda ba za ta nuna maka wacce ce ta tsakiya ba.

Injiniya: Da dalma mai laushi, haka ne. Mai tauri da aka tsoma a ruwa, sai ta kwana tana juyawa cibiyar na nan.

Maƙerin Fari: Ku biyu kuna da gaskiya, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wanda ke harba kwanso 30 a shekara, ƙwaya 270 yake nema, mai rami 2 ya ishe shi a yammaci ɗaya, kuma a kansa zai koyi hannu. Mai harba ɗaruruwa ya sayi babban. Sai dai Lee a girma uku yake yin mai rami 18, lamba 4 da sifiri biyu da sifiri uku. In lissafin Injiniya ya kai ka 0.311, zaɓi ya ƙare, babu mai rami 18 a wannan girman.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ke sa sabon shiga ya jefar da mai rami 18 shi ne ramin ƙasa ya ƙi cika. Ya buɗe ya ga na sama lafiya, na tsakiya da tamoji kamar fuskar tsohuwa, na ƙasa rabin ƙwallo ko ba komai. Sai ya ce mazubin jabu ne. Ba jabu ba ne, sanyi yake ji. Dalma tana narkewa a digiri 327 na Salshiyas. Kafin ta ratsa wuya biyu ta kai ƙasa, alminiyum mai sanyi ya zuƙe zafinta, ta daskare a hanya ta toshe wa ta baya.

Ga yadda ake yi. Sabon mazubi da man injin yake zuwa, a wanke shi da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, ya bushe sarai. Ɗigon mai ɗaya a rami zai ba ka tamoji har zubi hamsin. A ɗora shi a kan rishon lantarki minti 15 zuwa 20, ko a tsoma kusurwarsa a narkakkiyar dalma. In ka ɗaga dalma ta manne, bai yi ba. In ta zame ta bar shi fes, ya yi. Tukunya ta kasance tsakanin digiri 400 da 425, sama da yadda ake yi wa sauran zubi, wanda 370 zuwa 390 ke isa. A zuba da ƙarfi layi bayan layi, a bar tudun dalma a kan faranti, domin ƙwallon yana tsukewa in yana hucewa, daga tudun yake jan ciko. Ba tudu, sai ka sami kogo a ƙarƙashin cibiya. Ka zuba wa tudun ido: zai tashi daga sheƙi ya dusashe, tsakiyarsa ta ɗan lotsa. Ƙirga uku, ka yanke. Zubi biyar ko goma na farko mayar da su tukunya, kuma kada ka tsaya duba su, duba-duban ne ke sa mazubi ya huce.

Ɗan Baka: Baba, in zafin ya wuce kima fa, ta yaya zan gane?

Maƙerin Fari: Alama uku. Ƙwaya ta fito fari-fari ba sheƙi, kamar an barbaɗa mata gari. Wannan ba ya ɓata komai, wasu ma sun fi so, don alama ce ta cika. Na biyu, tudun ya daɗe bai daskare ba. Na uku shi ne mai ɓarna: ka yanke da wuri, dalma ta shafe a ƙarƙashin faranti da saman mazubi. In ka ci gaba a haka za ta karce alminiyum. Tsaya, tun da zafi ka goge da tsumman auduga mai kauri ko ɗan itace, ka buɗe mazubin ya sha iska daƙiƙa 20.

Bakanike: A ƙara da batun gemu. In ƙwaya ta fito da siririn fiffike a layin haɗi, fuskokin mazubi ba su haɗu ba. Yawanci ɗan ɗigon dalma ne ya manne a fuska, ko ƙusoshin saiti sun bushe. Ɗaga shi a rufe ka kalli haske, in haske na ratsawa ka nemo ɗigon ka cire da tsinken itace. Wuƙa ko sukudireba kada su taɓa shi. Ƙusoshin saiti da ƙusar faranti a taɓa musu man injin babur mai hayaƙi ko kakin zuma da kan tsinken auduga, kaɗan ƙwarai, mazubin yana da zafi, kuma nesa da rami. In carbin ya ƙi faɗowa, a bugi ƙusar da ta haɗa mariƙi da sandar itace. Jikin mazubin ba a dukansa. Wasu kan yi wa ramin hayaƙin ashana ko na laita don ya riƙa saki. Hayaƙin kyandir kuwa maiƙo gare shi, tamoji zai kawo.

Ɗan Baka: To na baƙin ƙarfe irin na Lyman, ko na tagulla, ba su fi ƙarko ba?

Bakanike: Sun fi. Na ƙarfe yana jinkirin ɗaukar zafi amma in ya ɗauka ya riƙe, jikanka ma zai gada. Aibinsa tsatsa: in ka gama sai ka shafa mai, in za ka fara sai ka wanke man. Na tagulla ba ya tsatsa, yana zubi mai kyau, sai nauyi, awa ɗaya wuyan hannu ya gaya maka. In ya yi zafi fiye da kima kuza takan manne masa kamar an liƙe ta. Ga ƙwallo dai, wanda ba shi da wata kusurwa mai wuyar cika, alminiyum ya wadatar.

Mai Sikeli: Mu zo kan dalmar kanta. Kuma a fayyace, don a kasuwanninmu tukunyar alminiyum ma tukunyar dalma ake ce mata. Nan muna nufin mai nauyin nan, mai laushi, da farce ke iya karcewa. Tsantsarta a ma'aunin tauri na Birinel 5 ce. Ta yi laushi da yawa: lokacin tashi, ƙwayoyin ƙasa su matse su zama kamar ƙosai, a maƙurar bakin bindiga su ƙara lotsewa, su watse ko'ina. Dalmar balansin taya mai maƙalli, wato guntayen da ake maƙalawa a ƙarfen tayar mota don daidaita ta, tana da antimoni wajen kashi 3 cikin ɗari da ɗan kuza, in ta huce a iska ta kwana biyu tana kai 11 ko 12. In ka saki ƙwayar daga mazubi kai tsaye cikin bokitin ruwa, ta haura 18. Haɗin da ake kira Lyman lamba 2, dalma 90, kuza 5, antimoni 5, yana ba da 15, amma asarar kuza ce a wannan aikin. Kashi 1 zuwa 2 na kuza ya isa ya sa ruwan dalma ya bi lungu, wato giram 90 zuwa 180 a tukunyar kilo 9. Balansin taya na manne-manne masu gam a baya kuwa kusan tsantsa ne, a ware su daban.

Injiniya: Tsomawa a ruwa ba ta yi wa dalma tsantsa komai, sai da antimoni. Kuma taurin ba nan take yake zuwa ba, a hankali yake hawa cikin kwanaki. Saboda haka mai carbi ya yanke a ranar, ya juya a ganga a ranar. In ya bari sai mako, filaya za ta gaya masa.

Bakanike: Hattara da balansin taya na yanzu. Tarayyar Turai ta hana na dalma tun 2005, Kalifoniya 2010, wasu jihohi sun bi, don haka bokitin da za ka samo a shagon taya cike yake da na tutiya da na ƙarfe. Duba jiki: Zn tutiya, Fe ƙarfe. In ba rubutu, cije shi da filaya, dalma za ta lotsa, tutiya ba za ta ji ba. Tutiya tana narkewa a digiri 419. Shi ya sa narkon farko a wata tukunya daban ake yi, da ma'aunin zafi a ciki, kada ya wuce 370. A haka na tutiya za su taso sama tare da maƙallan ƙarfe ka kwashe. In ka bari ta narke a ciki, ruwan ya koma kamar kunun da ya yi gudaji, ba mazubin da zai cika, kuma ba ta fita da sauƙi. A barbaɗa busasshen garin katako a juya har ya zama gawayi, a kwashe dattin, a zuba a ƙananan sanduna. Su za a riƙa sa wa tukunyar zubi.

Ɗan Baka: Tsohon batirin mota fa? Ai dalma ce zalla a ciki, kuma a banza ake samu.

Maƙerin Fari: A'a, ɗana. Ko kyauta kada ka karɓa. Farantansa da ruwan batir a jiki, na zamani kuma da kalsiyam a haɗinsu. Dattin da aka kwashe daga irin wannan narko, in ya haɗu da na mai antimoni da arsanik ya sami danshi, iskar guba yake fitarwa, sitibin da arsin, masu fasa jini. Kalsiyam ɗin ma ɓata zubi yake.

Tunda an ambaci bokitin ruwa: ya zauna a ƙasa, a bayanka ko gefe, da tsohon tawul a bakinsa mai tsaga a tsakiya don kada ya fantsamo. Ruwa in ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma yana zama tururi nan take, girmansa ya ninka fiye da sau 1,600, tukunya ta amayo duk abin da ke cikinta har rufi. Ƙwayar da ta taɓa ruwa ba ta komawa tukunya mai zafi, ko ta yi kamar ta bushe, domin kogon cikinta na iya riƙe ɗigo. A ajiye ta sai ranar da za a kunna tukunya daga sanyi. Sanda mai sanyi da ludayi ma a ɗumama su a bakin tukunya tukuna.

Anti Nas: Sannunku da ƙoƙari, amma har yanzu ba wanda ya ambaci yara. Mu da muka ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, a Dareta da Yargalma da Abare da Bagega, ba sai an yi mana wa'azi ba: yara sama da 400 suka rasu, kuma ƙura ce, daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gida. A zafin da kuke magana ba tururin dalma ne babban abin tsoro ba, sai an doshi digiri 500. Ƙura ce da hannu. Wannan tokar da ake kwashewa a saman tukunya, da baƙin garin da ke cikin gangar Malam Mai Sikeli, da 'yan guntayen da filaya ke watsawa ƙasa. A yi aikin a waje ko inda iska ke ratsawa, ba a kicin ba. Ba ci, ba sha, ba goro, ba taba a wurin. Dattin a gwangwani mai murfi. Ba a share wurin da tsintsiya, jiƙaƙƙen tsumma ake sawa bayan an kashe wuta komai ya huce. Kaya da takalmin aiki ba sa shiga ɗaki, a wanke su daban. Tukunya ko ludayin da ya taɓa dalma ya bar girki har abada. Mai ciki da ƙaramin yaro ba sa zuwa wurin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tun 2021 ta sa maikirogiram 3.5 na dalma a kowace desilita ta jinin yaro a matsayin inda za a fara bincike. Mai zubi a kai a kai ya riƙa gwajin jini sau ɗaya a shekara.

Maƙerin Fari: Gaskiyarki, Hajiya. A haɗa da tabarau, safar hannu ta fata, riga mai dogon hannu ta auduga da rufaffen takalmi. Yadin roba narkewa yake ya manne a fata.

Ɗan Baka: Allah ya saka. Saura ɗaya: ludayi ko tukunya mai famfo a ƙasa?

Mai Sikeli: Ga mai rami 18, famfon ƙasa. Nauyin dalmar da ke sama shi ke tura ta har ramin ƙarshe, shi ya sa in tukunya ta yi ƙasa da rabi za ka ga na ƙasa sun fara ƙin cika, sai a ƙara sanda a jira zafi ya dawo. Riƙe mazubin kamar rabin inci daga bakin famfo, ruwan ya faɗa tsakiyar ƙofa. In ka manna shi da famfon ƙarfin ya yi yawa, gemu ya fito. Ga mai rami 2, ludayi mai ɗan hanci a gefe ya isa.

In ka gama, ɗebi 20 ka ɗora a sikeli ɗaya-ɗaya. Wadda ta gaza 'yan uwanta da kamar giram 0.1 kogo gare ta, a mayar. Sauran ka gangara su a kan gilashi mai ɗan karkata, mai tafiya a karkace ka tsame ta.

Injiniya: Kuma ka auna tara ɗin gaba ɗaya. Littafi da nauyi yake magana, ba da ƙirga kaɗai ba. Sifiri biyu 9 na dalma tsantsa giram 31 da 'yan kai ne, na balansin taya ya ɗan gaza haka, 0.311 guda 9 kuwa wajen giram 26. In abin da ke sikelinka ya haura na littafin, ba a gyara shi da ka, wani shafin ake nema.

Ɗan Baka: Na gane. Bari in fara auno gindin kofin, in dawo muku da lambar.

Bakanike: Auna guda biyar, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. Ko a jaka ɗaya ba duka suke daidai ba.